Wa Ya Cire wa Kwaɗo Ƙwaƙwalwa?

Ranar Alhamis da ƙarfe takwas saura kwata, Kausar ta danna maɓallin da ke bayan Kwaɗo, Kwaɗo ya yi mata shiru. Ta sake dannawa, ko ƙyas.

Kwaɗon nan fa ba na rafi ba ne. Mutum-mutumi ne da yaran Sakandaren Tudun Kuza da ke unguwar Ali Kazaure a Jos suka ƙera da jarka biyu da injin tsohuwar fanka. Wata shida ya yi yana iyo a kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, yana auna zurfi da tsamin ruwa, don masu noman rani su san wanne zai raya kabeji, wanne zai ƙone shi. Duk abin da ya auna yana adana shi a wani ɗan allo kore da bai fi akwatin ashana ba, wanda yaran ke kira ƙwaƙwalwa. Jibi Asabar alƙalan gasar jiha za su zo, dokarsu kuwa ba ta da kwana: su da hannunsu za su jona ƙwaƙwalwar a na'urarsu, su gwada abin da ke ciki da littafin binciken da yaran suka rubuta. In babu ita, aikin wata shida ya zama tatsuniya.

Mista Tope Akanni, jagoran ƙungiyar yaran, ya kwance noti huɗu ya ɗaga murfin. Gurbin ƙwaƙwalwa wayam, sai wayoyi biyu baƙaƙe suna lilo. Kausar ta ɗora hannu a ka ta rushe da kuka. Malam Bala, dattijon da ke kula da ɗakin gwaji, yana tsaye a bakin ƙofa da bokitin kwalabe. Ya ce, "Subhanallahi," ba wanda ya waiwaye shi.

A haka Malama Rabi ta same su. Ita ce malamar kimiyya, ita ce kuma mai ladabtarwa. Da ta ga fuskar Tope ta yi fari fat, wani ɗan daɗi ya tsarga mata a zuciya, ba za a ɓoye ba. Shekara tara tana yi wa ƙungiyar nan bauta, ranar hutu da ranar aiki, amma da aka tashi naɗa jagora sai aka tsallake ta aka ɗauko ɗan bana-bakwai don yana rataye da kwamfuta. Ta yi istigfari a ranta, daɗin dai bai tafi duka ba.

Shugabar makaranta, Madam Theodora Bot, mace ce mai aiki kamar inji, sai dai bakinta ya fi tunaninta sauri. Tambaya biyu ta yi. Makullin ɗakin yana hannun wa jiya? Salma, ɗaya daga cikin yaran ƙungiyar. Wa aka ji ranar Talata tana cewa Allah ya sa Kwaɗon ya nutse kowa ya huta? Salma. Shi ke nan. Kafin Rabi ta buɗe baki an kaɗa ƙararrawa, Madam ta hau dakali a gaban ɗalibai ɗari huɗu, ta kira sunan yarinyar, ta ce ta fito ta tsaya a gefe, ta ce an aika wa ubanta ya zo ƙarfe biyu ya tafi da ita.

Rabi ta bi ta har ofis. "Madam, an yanke hukunci ba a yi shari'a ba."

"Makulli na hannunta, Malama Rabi. Me kuma ya rage?"

"Ki ba ni zuwa ƙarfe biyu."

"Na ba ki. Biyu ta buga ban ga abin nan a kan tebur ba, yarinya za ta bi babanta gida, ba za ta dawo ba."

Rabi ta kori kowa daga ɗakin ƙungiya, ta ja kujera gaban Kwaɗo. Ƙofa ba a ɓalle ta ba, tagogi da ƙarafunansu. Ta leƙa cikin da tocilan. Ba yanke wayoyin aka yi ba, ba fizge su aka yi ba. An narkar da dalmar da ta riƙe su ne, aka zare su a hankali, ko ɗigo ɗaya bai zuba a gefe ba. Ɗaya daga cikin wayoyin an yi mata ɗan ƙulli kusa da baki. Ta shafa bakin wayar, yatsanta ya fito da baƙin hayaƙi, ta sunsuna ta ji kamar ɗan warin kananzir. Ta goge a gefen mayafi, ta aika a kira mata Salma.

Salma ta shigo idonta jawur, amma a bushe. Shekararta goma sha shida, siririya, irin yaran da in sun yi fushi suke ƙara miƙewa.

"Zauna. Ƙarfe nawa kika kulle ɗakin nan jiya?"

"Biyu da rabi, Malama. Ni ke da cajin batir, kuma tun safe babu wuta. Da aka kashe janareta ƙarfe biyu na ɗan jira, na gaji na kulle."

"Makullin fa?"

"A jakata ya kwana."

"Kin ce Allah ya sa ya nutse?"

"Na ce."

"Don me?"

"Don an karɓe mini jawabi an ba Kausar. Ni na shiga laka har gwiwa, Malama. Ni na rubuta fiye da rabin littafin nan. Ita sau biyu ta je kududdufi, ta ce sauro. Amma don Turancinta na da daɗi, ita za ta tsaya gaban alƙalai, ni in riƙe mata takarda. Na ji haushi, har yanzu ina ji. In na gan ta kamar in shaƙe ta. Amma wallahi ban taɓa Kwaɗo ba."

Rabi ta san wannan ciwon, ba sai an yi mata bayani ba. Ta ɗauko ƙarfen liƙi na ƙungiyar ta jona, ta miƙa mata guntayen waya biyu. "Liƙa mini."

Salma ta liƙa. Dalmar ta taru ta yi tulu kamar ƙwallon goro, robar wayar ta ƙone. Rabi ta san mai wayo na iya ɓata aiki da gangan, don haka ba ta dogara da wannan ba. Igiyar ƙarfen ta bi da ido har bango. Ƙarfen ƙungiya da wutar lantarki yake aiki. Jiya kuwa daga ƙarfe biyu babu wuta babu janareta a makarantar, kuma Ali Kazaure kaf ba su ga haske ba sai da asubar yau. To da me aka narkar da dalma?

Ta gangara bakin get wajen Malam Isa maigadi, yana zaune a benci yana gyaran carbi.

"Malam Isa, jiya bayan an tashi, wa ya shigo?"

"Ko kaza ba ta shigo ba, Malama."

"Salma fa?"

"Ta fita wajen biyu da rabi, ita da jakarta. Har ta gaishe ni."

"Ba ta ɗauko wani babban kaya ba?"

"Wannan abin nasu mai jarka? Haba. Ai sai mutum biyu suke ɗaukarsa."

"Mista Tope?"

"Ƙarfe ɗaya ya hau babur, bai dawo ba har na rufe."

Wannan amsar ba ta yi wa Rabi daɗi ba ko kaɗan. Ta ce a ranta maigadi ma mutum ne, yana sallah, yana zagayawa bayan gida. Ai kowa ya ji raɗe-raɗin cewa wata makarantar masu hannu da shuni a unguwar Rayfield tana neman Tope, kuma su ma suna cikin gasar. Me zai hana ya kai musu tsaraba? Tun kafin ta hau matakala ta gama shirya yadda za ta faɗa wa Madam, har da inda za ta ɗan yi shiru don maganar ta shiga.

Ta sami Tope a gaban Kwaɗo ya yi tagumi. Haifaffen unguwar Kwararafa ne, Hausa a bakinsa kamar ta gado.

"Jiya ina ka je da ƙarfe ɗaya?"

"Wajen masu buga fostar gasa a kasuwar Tarminus, Anti. Su ma wuta ta hana su aiki, sai bayan magariba na karɓa."

"Wa ya gan ka?"

Ya miƙo waya. Hotuna bakwai, shi da mai shagon suna duba fostar, kowanne da lokacinsa a jiki, daga biyu saura har bakwai da kwata.

"An ce mutanen Rayfield na zawarcinka."

"Sun nema, na ce a'a tun watan jiya. Madam ta sani." Ya dube ta ido cikin ido. "Anti Rabi, na san ba kya ƙaunata. Na san kujerarki aka ba ni. Ban roƙa ba, amma na karɓa, ban kuma taɓa zuwa na ce ki yi haƙuri ba. Sai dai ki duba, ina da kwafin duk awon nan a kwamfutata. In sayarwa zan yi, me zai kai ni ga kwance noti?"

Gaskiya ɗaci gare ta. Rabi ta haɗiye, ta ji kunya ta rufe ta tun daga ka har ƙafa, don ta san so ta yi ya zama shi ne. Tope bai lura ba, ya koma yana jujjuya wayoyin nan biyu da ɗan yatsa.

"Ni abin da ya ɗaure mini kai," ya ce, "wane ne zai zo sata ya tsaya ƙulla waya? Mu ba ma yin haka. Salatif muke naɗawa, ja da baƙi. Ƙulli ai karya waya yake yi."

 Rabi ta ga ƙullin nan tun ɗazu ta wuce shi, don a idonta haka ya kamata waya ta kasance. In wayoyi biyu launinsu ɗaya, ka zare su, sai ka ƙulla mai ɗauke da wuta don kada ka rikice ranar mayarwa. Tsofaffin masu gyaran rediyo ke haka, tun zamanin da ake tsinto waya a bola ba a zaɓen launi. Ita ma hannunta yana yi ba tare da ta sa shi ba.

"Kamar na taɓa ganin kina yi," in ji Tope a hankali.

"Ina yi. Amma jiya ina unguwar Congo-Russia wajen sunan 'yar ƙanwata, mata sittin za su shaide ni."

"To wa ya koya miki?"

 Rabi ta juya ga bango, inda samfurin fostar yake rataye tun ranar Talata. Ta karanta shi a ranar, ta nemi sunanta, ta same shi can ƙasa cikin godiya da ƙananan baƙaƙe, ta kwana tana tsaki. Yau ta sake karantawa tana neman wani sunan dabam. Akwai jagora, Mista Tope Akanni. Akwai yara biyar. Cikin godiya akwai Madam, akwai ita, akwai manoman da suka ba su izini, har da direban bas.

"Wa ya rataya wannan?"

"Baba Bala na roƙa ya kafa mana ƙusa."

Ta sa aka kira Kausar, ta ja ta baranda. "Me ya sa aka karɓe wa Salma jawabi? Kada ki ce mini Turanci."

Kausar ta sunkuyar da kai. "Minti uku alƙalai suke bayarwa, Malama. Ita kuma ta dage sai ta fara da labarin Baba Bala, yadda ya kafa ƙungiya, yadda ya ce a yi da jarka. Yana cin kusan minti ɗaya. Sa Tope ya ce ta cire, ta ce ba za ta cire ba. Ya ce to ni in yi." Ta share hanci. "Na ji daɗi da aka ba ni. Kullum ita ake yabo."

Kai, wannan ƙungiya! Kowa da ƙullin wani a zuciya. Rabi ta sake gangarawa get, ƙarfe ɗaya da minti goma.

"Malam Isa, na tambaye ka wa ya shigo. Ban tambaye ka wa ya fita a ƙarshe ba."

"Ai ba kowa. Sai Malam Bala, wajen biyar da rabi."

"Me ya hana ka faɗa mini ɗazu?"

Isa ya yi dariya. "Malam Bala kuma? Ai shi ba a lissafa shi, Malama. Kamar bangon makarantar nan yake."

Ɗan siton Malam Bala yana bayan ɗakin gwaji. Tafiyar ba ta kai taku hamsin ba, amma Rabi ta ji kamar ta hau dutse. Mutumin nan shekara talatin yana gyaran rediyo a Kwararafa, shagonsa jikin na mahaifinta. Tana 'yar shekara tara ya ɗora ta a kan benci ya damƙa mata sukudireba, lokacin da kowa ke cewa wannan ba aikin mace ba ne. Da rediyo ya daina kawo abinci ya kama aiki a nan, shi ya tara yara shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya fara koya musu da matattun rediyoyi. Saura shekara ɗaya ya yi ritaya da mutuncinsa.

Ta yi sallama. Yana zaune a kan akwati, rishonsa na shayi a kusurwa. A jikin ƙusa ga tsohon ƙarfen liƙinsa na tagulla mai ƙotar itace, jikinsa baƙi ƙirin, bakinsa kuwa yana ƙyalli da sabuwar dalma.

"Baba, barka da rana."

"Rabi'atu. Shigo."

Ta durƙusa kamar yadda ta saba tun tana yarinya. "Baba, zan yi magana, in na yi kuskure ka tsawata mini. Ɗakin ƙungiya a da siton ɗakin gwaji ne. Makullinsa biyu, ɗaya wajen yara, ɗayan kowa ya manta yana cikin zobenka. Jiya babu wuta, amma an narkar da dalma, an bar baƙin hayaƙi da warin kananzir. A makarantar nan ƙarfe ɗaya ne ake ɗorawa a kan risho, ga shi can. Wanda ya yi aikin bai yanke ba, bai fizga ba, ya mayar da noti huɗu daidai wa daida, don ba ya iya wulaƙanta inji. Sannan ya ƙulla mai wuta. Mu biyu ne muke haka, Baba, kuma kai ka koya mini."

Dattijon ya dubi hannuwansa ya jima, kamar na wani ne aka ba shi ajiya. "Na ƙulla?"

"Ka ƙulla."

"Wallahi ban san na yi ba." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Hali zanen dutse."

Ya miƙa hannu bayan kwalabe ya ɗauko gwangwanin madara, ya zaro ƙwaƙwalwar naɗe cikin auduga, ya ajiye a gabanta.

"Me ya kai ka, Baba?"

"Ni na kafa ƙusar, Rabi'atu. Na rataya, na ja da baya na karanta. Sau uku na karanta, na ce ko idona ne. Direban bas yana ciki. Direba! Ni da na ce jarka ba ta nutsewa, ni da na naɗa injin fankar nan da hannuna dare da rana, ban kai direba ba. Yaron nan ya zo jiya-jiya, yara na binsa Sa Tope, Sa Tope. In na shigo sai a ce Baba, miƙo mana tsintsiya. Ina kishinsa, ban ɓoye miki ba. Ina kwana da shi ina tashi da shi, da furfurata da komai. Na ce bari su nema su rasa. Gobe Juma'a in sun gaji, wani zai ce ina Malam Bala? Sai in ce bari in duba, in fito da ita, in liƙa a gabansu. Sau ɗaya dai a neme ni."

"Da aka kira sunan Salma fa?"

"Ina tsaye a baya. Na ce ƙafa ɗauke ni, ta ƙi."

"Ka san abin da ya sa aka karɓe mata jawabi? Cewa ta yi sai ta fara da sunanka a gaban alƙalai. Aka ce ta cire, ta ƙi. A kanka ta rasa wurinta, Baba. Haushin da ya sa ta yi furucin da aka kama ta da shi, naka ne."

 Malam Bala ya cire hula ya ajiye a gwiwa, hawaye suka gangaro cikin gemunsa. Rabi ba ta taɓa ganin kansa ba hula ba, ta kawar da ido.

Can ya ce, "Ki taimake ni, 'yata. Ki ce ta faɗa cikin jarka, kin girgiza kin same ta. In liƙa yanzu, Asabar a yi gasa, kowa ya huta."

Allah ya sani ta so ta yi. Ba wanda zai ƙaryata ta, Madam abin kawai take so a kan tebur. Ita da ta wuni tana addu'ar a kama Tope, da wane baki za ta yi wa tsohon nan wa'azin hassada? Ta ɗauki gwangwanin tana jujjuyawa.

"Baba, abin da aka liƙa da dalma ba ya faɗuwa da kansa, yaran nan sun sani. Cewa za a yi Salma ta tsorata ta dawo da shi a ɓoye. Za a bar ta a makaranta, amma har ta gama ɓarauniyar Kwaɗo za a riƙa kiranta. Ba zan iya ba. Ko ka faɗa, ko in faɗa, kuma na fi so ya fito daga bakinka."

 Malam Bala ya mayar da hularsa, ya tashi, ya karɓi gwangwanin daga hannunta.

Biyu saura minti biyar suka shiga ofis. Alhaji Mahdi tela, mahaifin Salma, ya riga su, zare na maƙale a hannun rigarsa, ko kallon 'yarsa ba ya yi don takaici. Malam Bala ya ajiye gwangwanin a kan tebur ya faɗi abin da ya yi, bai rage ba bai ƙara ba. Rabi ta bi da bayanin makulli da risho da ƙulli. Madam Theodora ta cire tabarau ta mayar, ta sake cirewa. Tope, da aka kira shi, ya tsaya a jikin bango yana kallon ƙasa.

"To, Alhaji," in ji Madam, "a yi haƙuri. Magana ta ƙare a nan. Salma ki koma aji."

"A'a, Madam," in ji Alhaji Mahdi. "A ofis aka ɓata sunanta? Tun kafin ɗan aikenku ya iso shagona na ji a bakin mai kifi. Inda aka zuba mata ƙasa, nan za a wanke ta."

Madam ta fara cewa a duba shekarun dattijo, Malam Bala ya ɗaga hannu. "Gaskiyarsa ce. Zan tsaya."

Da yammar nan ya liƙa ƙwaƙwalwar, Tope na riƙe masa tocilan. Kwaɗo ya tashi, awon wata shida cif, ko ɗaya bai ɓata ba. Takardar dakatarwa kuwa Rabi aka ba ta miƙa masa, don ita ce mai ladabtarwa.

Safiyar Juma'a sanyin Jos ya sauko sosai, yara sun jeru da rigunan sanyi. Madam ta fara, ta ce ta yi gaggawa jiya, ta nemi afuwa a taƙaice. Sannan ta miƙa wa Malam Bala lasifika. Shekara goma sha ɗaya yana jona ta yana gyara ta, bai taɓa magana a cikinta ba sai yau. Ya riƙe ta da hannu biyu.

"Sunana Bala," ya ce. "Ni na cire wa Kwaɗo ƙwaƙwalwa. Hassada ce ta sa ni. Salma ba ta taɓa komai ba, kuma jiya ina tsaye aka kira sunanta na yi shiru. Wannan ya fi satar muni. Salma, 'yata, ki yafe mini."

 Salma tana gefe inda aka tsayar da ita jiya, ubanta a bayanta. Jiya da aka kira ta ɓarauniya a gaban duniya ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Yanzu da aka wanke ta sai ta toshe baki da hijabi, kafaɗunta na rawa. Rabi ta matsa ta riƙe ta.

"Ya isa, Salma. An gama, kowa ya ji ba ke ba ce."

"Malama, da na san shi ne," ta ce cikin kuka, "wallahi da na ce ni ce."

Malam Bala ya kashe lasifikar, ya naɗe igiyarta a tsanake, ya miƙa wa Madam. Ya sauka daga dakalin ya nufi get, yara ɗari huɗu suna darewa suna ba shi hanya.